Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Buɗe Wa Masu Kwana a Bene Hanyar Tsira

Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

 

Ranka ya daɗe, maganar da ta sa na ɗauki alƙalami za a iya ganinta ƙarama idan aka jera ta da gadoji da tituna da asibitoci. Tambaya ce guda ɗaya: mutumin da yake barci a ɗakin bene, idan wuta ta tare masa matakala, ta ina zai fita? Na kawo maka ita kai tsaye domin kai injiniya ne, ka riƙe Ma'aikatar Ayyuka, Gidaje da Sufuri daga 2011 zuwa 2015, ka san zanen gini, ka san abin da layi ɗaya a kan takarda yake haifarwa idan an zo zuba kankare.

Kano tana hawa sama. Fili ya yi tsada, fuloti ya tsuke, iyali kuma ba su ragu ba, don haka wanda a da zai shimfiɗa ɗakuna a ƙasa yanzu ɗora su yake yi. Ka zaga Rijiyar Zaki da Janbulo, ka bi Hotoro da Na'ibawa, ka leƙa Ɗanbare inda ɗakunan kwanan ɗalibai suke ta tashi, ka shiga Fagge da Sabon Gari inda shago yake ƙasa iyali suna sama. Tsarin kusan ɗaya ne. Matakala guda ce, mafi yawa daga cikin falo take tashi, kusa da kicin. Ƙarƙashinta kuma an mai da shi ma'ajiya: nan tukunyar gas take, nan jarkar fetur ɗin janareta, nan batiran sola. A saman matakalar akwai ƙofar ƙarfe da ake danna wa kwaɗo da dare. Kowace taga an yi mata ragar ƙarfe, an binne bakin rodin a cikin bango, an shafe da siminti. Har baranda ma, a gidaje da yawa, an rufe ta da ƙarfe daga ƙasa har silin.

Wuta a irin wannan gida yawanci daga ƙasa take tashi: hitar da aka bari a bokiti aka ɗauke wuta, aka kwanta, aka dawo da ita cikin dare, kaskon garwashi lokacin hunturu, gas da yake tsiyaya, wayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta. Hayaƙi da zafi kuwa sama suke nema, kuma ba su da hanyar da ta fi matakala sauƙi. Wato hanyar fita tilo da masu barci suke da ita, ita ce ta farko da hayaƙi yake cikawa. Galibin waɗanda suke rasuwa a gobarar gida hayaƙin ne yake gamawa da su tun harshen wuta bai taɓa su ba. Katifar soso, kujerun kushin, labulen leda da silin roba idan suna ci suna fitar da iskar guba mai sa mutum ya ruɗe, gaɓoɓinsa su mutu, ya faɗi. Masu binciken gobara na cibiyar UL a Amurka sun gwada sun nuna cewa a da, lokacin da kayan ɗaki na katako da auduga ne, mutum kan sami kamar minti 17 na tsira, amma da kayan roba na yanzu lokacin ya dawo kamar minti 3. Kayan da suka gwada ɗin su ne dai muke jerawa a ɗakin amarya.

Duk wanda ya taɓa halartar gobarar dare a unguwa ya san yadda minti ukun nan suke ƙarewa. Ihu ne yake tashin maƙwabta. Maza su fito da bokitai, wani ko takalmi babu. A ɗaga kai a ga hannuwa sun zuro ta tsakanin ƙarafunan taga. A ruga neman tsani, a samo na birkila ko na mai gyaran wuta, a jingina. Saurayi ya hau da guduma, hannu ɗaya riƙe da tsani, ɗaya yana dukan rodin da aka yi shi musamman don kada ya karye. Wani ya ce a taso mai walda ya zo da injin yanka ƙarfe, sai a tuna babu lantarki, sai an nemo janareta. Wani ya ce a ɗaura sarƙa a ja da mota, lungun kuwa ko adaidaita-sahu da ƙyar yake shiga. Uwa tana miƙo jariri, ratar ƙarfen ba ta isa kansa ya wuce ba. Jama'a cike da ƙofar gida, kowa yana son ya taimaka, suna ji suna gani har muryoyin su yi shiru. Ko 'yan kwana-kwana sun iso a kan lokaci, da ƙarfen nan za su fara kokawa kafin su kai ga mutum.

Wannan ba tsoro ba ne na zaune. A watan Satumban 2017, a birnin Kwalalamfur na Malesiya, wuta ta kama makarantar haddar Alƙur'ani ta Darul Quran Ittifaqiyah. Ɗakin kwanan yana hawa na ƙarshe, ƙofarsa ɗaya, wutar kuma a bakin ƙofar take, tagogin duk da ragar ƙarfe. Mutum 23 suka rasu, ɗalibai 21 da malamai 2. A Kenya, a watan Maris na 2001, ɗalibai 67 suka mutu a makarantar sakandaren Kyanguli, a ɗakin da aka kulle ƙofarsa ɗaya, tagoginsa kuma da ƙarfe. A watan Satumban 2025, a ginin Afriland da ke titin Broad a Legas, wuta ta tashi daga ɗakin batiran lantarki a can ƙasa, hayaƙi ya cika benen, duniya ta ga ma'aikata suna fitowa ta taga, mutanen titi suna kafa musu tsani suna tare su da hannu. Mutum 10 suka rasa ransu. A nan gida kuma ba mu manta da 'yan mata 7 da suka rasu a gobarar ɗakin kwana a makarantar 'yan mata ta Jogana a ƙarshen 2015 ba, ko almajirai 17 na Ƙauran Namoda a watan Fabrairun 2025. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Musabbabin wutar ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma tambayar da take biyo baya ɗaya ce: mutum nawa ne a ɗakin, kuma hanyar fita nawa ce?

Ranka ya daɗe, ba na zargin magidancin da ya sa wa tagarsa ƙarfe. Ni ma akwai shi a tawa. Ɓarawo gaskiya ne, ɗan fashi gaskiya ne, wanda aka taɓa haura masa gida da tsakar dare ba mai gaya masa ya bar taga a sake. Duk dokar da za ta ce a cire ƙarfen taga gaba ɗaya a Kano, a takarda za ta tsaya. Sai dai gudun gara ne muka faɗa gidan zago, kuma akwai mafita wadda ba ta buƙatar a zaɓi tsakanin ɓarawo da wuta. A kowane ɗakin kwana na bene, taga ɗaya tak za a yi wa ragar da take buɗuwa. A yi mata firam da hinji kamar ƙofa, a sa mata sakata daga ciki, a rufe wurin sakatar da farantin ƙarfe mai faɗi yadda hannun da aka zuro daga waje ba zai kai gare ta ba. Daga waje ƙarfe ne kamar kowane ƙarfe. Daga ciki kuwa mace ko yaro mai wayo zai zare sakata ya tura. Mai waldan da yake haɗa ƙofar gida mai sakata uku, wannan ba zai gagare shi ba, kuma abin da zai ƙaru a kan kuɗin aikin hinji biyu ne da sakata da ɗan guntun faranti.

Wasu sun riga sun yi irin wannan taga, amma suka rataya mata kwaɗo, makullin kuma yana cikin tarin makullan maigida, maigida kuma ya yi tafiya. Ko yana nan, a cikin duhu da hayaƙi, ido yana hawaye, hannu yana rawa, laluben ramin kwaɗon da ya shekara ba a buɗe ba aiki ne da yake cinye minti ukun duka. Shi ya sa ƙa'idar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka suke bi ta yarda a sa wa tagar tsira ƙarfe, amma da sharaɗin ya buɗu daga ciki ba tare da makulli ko wani kayan aiki ba. Ƙa'idar ta kuma faɗi girman kafar: faɗinta kada ya gaza inci 20, tsayinta kada ya gaza inci 24, bakin tagar kuma kada ya wuce inci 44 daga daɓen ɗaki. A Ingila ma ma'aunin ya yi kusa da haka: santimita 45 a kowane ɓangare shi ne mafi ƙanƙanta, bakin tagar kada ya wuce santimita 110 daga ƙasa. Wannan ma'auni yana da muhimmanci a wurinmu saboda tagar alminiyon mai zugewa da ta cika gari. Taga ce da za ka gan ta da faɗi, amma rabinta kawai yake buɗuwa, kuma sau da yawa rabin nan babban mutum ba zai ratsa ba.

To, an buɗe taga. Saura sauka, kuma a nan ne maganar tsani ta shigo. Daga bakin tagar bene hawa ɗaya zuwa ƙasa ya kai mita 4 ko fiye, ƙasan kuma yanzu ba turɓaya ba ce, intalok ne ko kankare. Wanda ya diro daga nan zai iya tsira da rai ya rasa ƙafa ko ƙashin baya, tsohuwa da mai ciki kuwa ba a ma maganarsu. Akwai tsanin da aka yi don wannan rana: mai naɗewa, igiyoyinsa na nailan mai kauri ko sarƙa, matakansa na ƙarfe, da ƙugiyoyi biyu a sama da ake maƙalawa a bakin taga a sake shi ya warware. Ya fara shigowa kasuwanninmu, ana kuma sayensa ta intanet, kuma abin da yake damuna shi ne mutane za su saya su ajiye da kwanciyar hankali alhali bai dace da gidansu ba.

Tsayi shi ne na farko. Waɗanda ake kawowa daga waje iri biyu ne suka fi yawa: mai ƙafa 13 zuwa 15 na bene hawa ɗaya, da mai ƙafa 25 na hawa biyu. An auna su ne da gidajen ƙasashen da aka ƙera su. Mu kuwa muna ɗaga harsashi saboda ruwa, muna ɗaga silin saboda zafi, don haka tsani mai ƙafa 13 zai iya ƙarewa mutum yana reto a sama da ƙasa. Maganin abin tef ne: a sake shi daga bakin taga har ya taɓa ƙasa, a rubuta, sannan a je kasuwa. A kuma leƙa a ga me yake ƙarƙashin tagar. Idan kan injin sanyaya ɗaki ne, ko rumfar mota ta kwano, ko janareta, ko katanga mai fasassun kwalabe da waya mai reza, ko kuma tagar kicin ce daidai ƙasa, to a zaɓi wata tagar. Tsanin da ya bi ta gaban tagar da wuta take fitowa bai amfana wa kowa komai ba.

Sai ƙugiya, wadda ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Yawancin ƙugiyoyin an yi su ne don bangon da kaurinsa bai wuce inci 10 ko 11 ba. Bangonmu na waje bulo ne mai inci 9, a ƙara filasta ciki da waje, a ƙara tayil ko leɓen kankaren da ake fitarwa don ado, sai ka ga ya haura abin da ƙugiyar za ta iya kamawa. Ta hau rabi ta tsaya, mutum ya ɗora nauyinsa, ta suɓuce. Wani lokacin kuma firam ɗin alminiyon take kamawa maimakon bango, shi kuwa ba a yi shi don ɗaukar mutum ba. A gidajenmu na bulo, abin da ya fi tabbas shi ne a dasa zobba biyu na ƙarfe a cikin bango ƙarƙashin tagar, da kusoshin da suka shiga kankare sosai, a ɗaure tsanin a jikinsu dindindin, a naɗe shi a cikin ɗan akwati a wurin. Ranar da ake buƙatarsa babu neman inda za a maƙala, buɗewa ne kawai a jefa waje.

Akwai wasu 'yan ƙafafu da ake yi wa kowane mataki ta baya, masu tokare bango su bar rata tsakaninsa da tsanin. Wanda bai taɓa sauka a tsanin igiya ba zai ɗauka ado ne. Idan babu su, nauyin mutum yana manne matakin da bango, yatsun ƙafa su rasa wurin shiga, hannu ma ya matse. A duba su, a kuma duba matakan suna da zane-zanen da ke hana santsi, domin da ƙafa babu takalmi za a sauka, wataƙila ma jiƙe da gumi. Nauyin da tsanin yake ɗauka a rubuce yake a kwalinsa. Masu kyau ana gwada su da abin da ya kai kilo 450, daidai da buhun siminti 9, domin a ranar tashin hankali ba mai jiran wani ya kai ƙasa kafin ya hau. Amurka tana da ma'auni na musamman a kan irin wannan tsani, mai lamba ASTM F2175. Wanda babu sunan kamfani a jikinsa, babu nauyin da yake ɗauka, babu shaidar gwaji, bai kamata a rataya ran iyali a kansa ba komai arharsa. A karanta kuma a gani ko na amfani sau ɗaya ne, domin akwai waɗanda kamfanin da kansa ya ce idan an warware su an sauka, a jefar.

Wurin ajiya: gefen tagar, a ɗakin da ake kwana. Ban da sito, ban da saman wadirof a bayan akwatuna. A riƙa dubawa saboda ɓera da tsatsa. Hinjin tagar da sakatarta a riƙa ɗiga musu mai, domin ƙurar hunturu da damina ɗaya sun isa su ƙame su.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyalin da ba su taɓa taka tsanin nan ba, ranar gobara ba za su iya ba, musamman fitowa ta taga da baya, wadda ita ce mafi wuya. A gwada da rana daga tagar ƙasa ko wani wuri marar tsayi, babba yana riƙe da ƙasan tsanin. A koya wa yara su taɓa ƙofa da bayan hannu kafin su buɗe, idan da zafi su bar ta a rufe, su toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen zane, su rarrafa domin iska mai kyau a ƙasa take. A rufe ƙofar ɗaki kafin a buɗe taga, don kada iska ta jawo wutar ciki. Doguwar riga da zani da hijabi a tattare su a ɗaure, kada su harɗe ƙafa. A nan matanmu suna da abin da ya fi na kowa: goyo. Uwar da ta goya jaririnta ta ɗaure da majanyi hannuwanta biyu a sake suke, za ta kama tsani da kyau. Tsofaffi da marasa lafiya da masu lalurar ƙafa kuwa, a gaskiya tsanin igiya ba nasu ba ne, ɗakinsu ya kasance a ƙasa. Duk wannan kuma bai yi amfani ba idan mutum bai farka ba, don haka ƙararrawar hayaƙi mai batir, ɗaya a saman matakala ɗaya a falo, ita ce abokiyar tafiyar tsanin. Ƙididdigar masana gobara a Amurka ta nuna tana rage haɗarin mutuwa a gobarar gida da kusan rabi.

Mai Girma Gwamna, na tsawaita a kan waɗannan bayanai ne don ka ga cewa ba abu ne da za a bar wa kowane magidanci ya gano da kansa ba. Ilimi ne da ya kamata ya fito daga bakin hukuma, kuma ikon yana hannunka. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma tun 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya, ta tabbatar cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ba sai an jira Abuja ba. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ce take sa hannu a kan zanen kowane bene kafin a haƙa harsashi. Ina roƙon ka umarce ta ta sa wannan cikin sharuɗɗanta: duk ɗakin kwana da yake sama ya kasance da hanyar fita ta biyu a zane, ko taga mai girman da aka ƙayyade da raga mai buɗuwa daga ciki, ko baranda da ba a toshe ba. A kuma koma a duba bayan an gama gini, domin ƙarfen taga ba ya fitowa a zane, daga baya mai walda yake zuwa.

Amma a rarrabe tsakanin gidan iyali da wurin da jama'a da yawa suke kwana. Tsani mai naɗewa na mutum biyar ne ko shida da suka san juna. Ɗakin kwanan ɗalibai, otal, asibiti mai bene, makarantar Islamiyya ko tsangayar da ta ɗora bene, waɗannan matakala ta biyu suke buƙata, ta kankare ko ta ƙarfe, a ɗaya ƙarshen ginin, da ƙofofin da suke buɗewa waje. Yara tamanin ba za su bi tsanin igiya ɗaya bayan ɗaya a cikin minti uku ba. Kenya, bayan abin da ya same ta, ta rubuta a littafin ƙa'idojin tsaron makarantunta na 2008 cewa ɗakin kwanan ɗalibai ya kasance da ƙofa a kowane ƙarshe, ƙofofin su buɗe waje, kada a kulle su daga waje yara suna ciki, tagogi kuma babu ƙarfe. Duk da haka a watan Satumban 2024 yara 21 suka ƙone a makarantar Hillside Endarasha. Rubuta doka bai wadatar ba, sai an bi ɗaki-ɗaki ana dubawa.

Shi ya sa nake ganin gwamnati ta fara da nata. Ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ana kuma gyaran makarantu. Duk kwangilar gyaran ɗakin kwana da za a bayar, a sa maganar ƙofa da taga a ciki. Idan jama'a suka ga an yanke ƙarfen tagogin makarantun gwamnati an mai da su masu buɗuwa, mai gidan haya ba shi da bakin cewa an matsa masa.

Masu walda su ne ginshiƙin wannan aiki, kuma ina roƙon a ɗauke su abokan tafiya. Hukumar Kashe Gobara ta jiha ta zauna da malaman injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano da na jami'ar Wudil, su fitar da zane guda mai sauƙi na taga mai buɗuwa da na tsanin da ya dace da bulonmu, a buga shi da Hausa, a raba wa ƙungiyoyinsu, a liƙa a Ƙofar Ruwa inda ake sayen rodi. Tsanin da za a ƙera a gida a gwada shi da buhunan siminti a gaban jami'i kafin a buga masa hatimi, domin walda takan yi kyau a ido ta ɓalle a ƙarƙashin nauyi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, kuma a nemi haɗin kanta a kan waɗanda ake shigowa da su. Wannan sana'a ce ma ga matasanmu, domin benayen da suke buƙatar gyaran nan ba su ƙirguwa. Su kuma 'yan kwana-kwana, kowace mota a sa mata almakashin yanka rodi da injin yanka mai batir da tsanin da mutum biyu za su iya ɗauka su shiga lungu da ƙafa.

Abu ɗaya nake tsoro, kuma gara in faɗe shi: kada wannan ya zama sabuwar hanyar tatsar talaka. Idan aka fara da rufe gidaje da yanka tara, mutane za su koyi ɓoyewa da ba da na goro, tagogin kuma su zauna yadda suke. Tsofaffin gidaje a ba su wa'adi mai fa'ida, a fara da wayar da kai. Gidan Rediyon Kano da ARTV da sauran tashoshi suna shiga kowane gida. Masu unguwanni sun san kowane bene da yake unguwarsu. Limamai kuma suna da abin faɗa, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Mun yi imani da ƙaddara, kuma wanda ya koya mana imani da ita shi ne ya koya mana ɗaukar mataki. Idan iyali suka ƙone a bayan ƙarfen da muka dasa da hannunmu, muka ce kwana ne ya ƙare muka yi shiru, ba mu yi wa addinin adalci ba.

Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 an yi ta lissafin dukiyar da ta salwanta, kuma da yawan 'yan kasuwar sun sake tsayawa da ƙafafunsu. Gobarar gida ba ta samun irin wannan lissafi. Labari ne na kwana ɗaya a rediyo, a ce mutum biyar 'yan gida ɗaya, a yi jana'iza, a yi zaman makoki, maƙwabta su koma su kwanta a bayan irin wannan ƙarfen.

Ranka ya daɗe, hunturu yana tafe, lokacin da iska take bushe komai, ake kunna hita da kasko, ake rufe tagogi ruf. Ina roƙonka, don Allah, kafin sanyi ya kankama ka tura jami'an kashe gobara su shiga kowane ɗakin kwanan ɗalibai da yake jihar nan, na gwamnati da na kuɗi da na tsangaya, su ƙirga yaran, su ƙirga ƙofofin, su gwada kowace taga da hannunsu, su kawo maka rahoto a teburinka. Inda suka tarar da hanya ɗaya ce, a kira mai walda a ranar.

Allah ya tsare mu da sharrin wuta, ya ba ka ikon yi. Wassalam.

Naka,
wani magidanci daga birnin Kano.